Neman shawara: Inverness a watan Yuli da iyali, wuraren zuwa, tsaraba da filin golf

Baban_Khairat:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san arewacin Sikotland nake neman shawararku. 'Yata ta fari za ta kammala digirinta na biyu a Aberdeen, bikin yaye su a watan Yuli ne in Allah ya kai mu, kuma biza ta fito mana ni da uwargida da ƙannenta biyu, ɗaya shekara 14 ɗaya 9. To tunda an riga an kashe kuɗin jirgi sai nake ganin bai kamata mu tsaya a Aberdeen kawai mu juyo ba, ita yarinyar ce ta kawo shawarar mu je Inverness mu yi kaman kwana huɗu, wai can ne ake ganin tsaunuka da tafkin nan da ake cewa akwai dodo a ciki.

Matsalar ita ce kowa da abin da ke ransa. Yaran tafkin dodo suke so, Hajiya tsaraba ce a gabanta sabida dangi na da yawa kuma kowa na jira, ni kuma gaskiya golf ne ya fi tsaya min a rai, na daɗe ina bugawa a Kaduna kuma tun ban san zan taka ƙasar ba nake jin labarin filayensu na bakin teku. Mu ɗauki motar haya ne ko jirgin ƙasa ya isa? Waɗanne wurare ne suka cancanci a je, waɗanne ne ɓata lokaci? Wane fili zan buga wanda ba zai cinye min kuɗin tafiyar gaba ɗaya ba? Sannan ya ake yi da sallah da abinci, don na ji an ce rana ba ta faɗuwa da wuri. Allah ya saka da alheri.

Ummu_Affan:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a yi taro lafiya. Ni a Aberdeen nake zaune da maigidana kuma duk baƙin da suka zo mana can muke kai su, to bari in faɗi abin da na sani.

Ku ɗauki mota. Jirgin ƙasa daga nan zuwa Inverness awa biyu da ɗan wani abu ne kuma yana da daɗi, amma da kun sauka za ku ga duk abin da ya kawo ku yana wajen gari, shi garin kansa ƙarami ne, da ƙafa za ku gama zagaye tsakiyarsa kafin azahar. Lasisin tuƙi na gida yana aiki ga baƙo har wata 12. Sai dai ku yi bukin da wuri ku ce otomatik kuke so, don yawancin motocin hayarsu masu giyar hannu ne, ga shi ta hagu ake tuƙi, hannun hagu ne zai riƙa canza giyar. Hanyar A96 za ku bi, ta Elgin da Nairn. Otal ma ku kama tun yanzu wallahi, Yuli da Agusta kuɗin ɗaki tashi yake yi sosai, ku biyar gara ku nemi gida mai kicin ku riƙa ɗan girki da kanku.

Wurin da ba zan so ku rasa ba shi ne Culloden, kaman kilomita 8 gabas da gari. Nan aka yi yaƙin 16 ga Afrilu 1746, tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Duke na Cumberland da mutanen Charles Edward Stuart wanda ya zo neman kwato sarautar da aka tuɓe kakansa daga kai, yawancin mayaƙansa 'yan ƙabilun tsaunukan nan ne. Ko awa ɗaya yaƙin bai yi ba, aka kashe musu wajen mutum 1,500, kuma shi ne yaƙin fito-na-fito na ƙarshe da aka yi a ƙasar Birtaniya. Bayan nan gwamnati ta karya ikon shugabannin ƙabilun, har tufafinsu na gargajiya aka haramta musu sai 1782 aka janye dokar. Filin fayau yake, ciyawa da iska kawai, an kafa jajayen tutoci a layin da sojojin gwamnati suka tsaya da shuɗaye a layin ɗaya ɓangaren, sai ka ga tazarar ba ta da yawa ko kaɗan, amma ƙasar taɓo ce kuma a ciki suka ruga da takubba suna fuskantar igwa. A gefen hanya akwai ƙananan duwatsu da ko gwiwa ba su kai ba, kowanne an sassaƙa sunan ƙabila a jiki, Fraser, Mackintosh, Cameron, a ƙarƙashinsu aka binne su jimla, har yau za ku tarar mutane sun ajiye fure a kai. Yawo a filin kyauta ne, ɗakin tarihin ne ake biya, kuma ɗan shekara 14 ɗin zai ƙaru da shi. Minti kaɗan daga nan akwai Clava Cairns, kaburburan duwatsu masu kusan shekara 4,000, shi ma ba a biya.

Loch Ness kuwa, wato tafkin dodon nan, ni ban ɗauke shi da zafi ba, ruwa ne baƙi mai tsawo da cunkoson motocin 'yan yawon buɗe ido, ku tsaya ku yi hoto ku wuce.

Maganar sallah, akwai masallaci a cikin gari a Portland Place kuma ana Juma'a. A farkon Yuli magariba sai bayan ƙarfe 10 na dare, rana kuma ta fito wajen huɗu da rabi, tsakaninsu sama ba ta yin duhu sosai, shafaƙi baya ɓacewa, shi ya sa manhajojin waya kowacce da lokacin isha da asuba da take bayarwa. Ku bi jadawalin masallacin kawai ku huta. Abinci kuma kifi shi ne mafita, amma ku tambaya ko an zuba giya a kwaɓin da ake tsoma kifin da kuma irin man da aka soya, don wasu da kitse suke suya. Akwai miyar da suke kira Cullen skink, kifi mai hayaƙi da dankali da albasa da madara, ku gwada. Haggis (haɗin kayan cikin tunkiya) da black pudding da ake sawa a karin kumallon otal ku bar su, na biyun da jini ake yin sa.

Injiniya_Sale:

Yallaɓai barka da arziki. Ni golf ɗin zan taɓa, don abin da ya kai ni yankin ke nan lokacin da nake aiki a Ingila.

Manyan filayen guda uku ne kowa ke ambata. Castle Stuart, wanda yanzu ake kira Cabot Highlands, yana tsakanin gari da filin jirgi, sabo ne don a 2009 aka buɗe shi, amma an buga gasar Scottish Open a can a 2011, 2012, 2013 da 2016, na 2013 Phil Mickelson ne ya ci, sati ɗaya bayan nan ya je ya ɗauke babbar gasar Open a filin Muirfield. Sai Nairn da aka kafa a 1887, sun karɓi baƙuncin gasar Walker Cup a 1999. Sai babban yayansu Royal Dornoch, awa ɗaya arewa da Inverness a kan A9, an rubuta cewa ana buga golf a wurin tun 1616, kulob ɗin kuma 1877, kuma a garin aka haifi Donald Ross wanda ya je Amurka ya zana musu filaye masu yawa. Dukansu a lokacin zafi kuɗin zagaye ɗaya ya haura fam 200, ban da kadi (mai ɗaukar maka jaka yana ba ka shawara) da hayar sanduna, kuma mutane tun shekara guda kafin su zo suke kama lokaci, don haka in kana so yau ɗin nan za ka tura musu saƙo. Mutum ɗaya ya fi samun gurbi, sukan haɗa shi da wasu. Ka taho da shaidar handikaf ɗinka, wato matakin ƙwarewarka, daga kulob.

Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya kacal a cikin ukun, kuma ni Dornoch zan ce, sauran kwanakin ka buga a ƙananan kulob inda 'yan gari ke bugawa. A nan ne za ka gane yadda wasan yake a wajensu, ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, za ka ga mai gyaran famfo da malamin makaranta mai ritaya da yaro ɗan sakandare sun rataya jaka a kafaɗa suna tafiya a ƙasa, mutane na ratsa filin da karnukansu sabida doka ta ba kowa damar wucewa. Fortrose da Rosemarkie yana kan wani siririn tsiri da ya shiga cikin teku, rabin awa daga gari, tarihinsu ya koma 1793, kuɗinsa bai kai na manyan ba kuma ba za ka manta da shi ba. Akwai Tain, Golspie, Brora da Nairn Dunbar, a Dornoch ɗin ma akwai fili na biyu mai suna Struie da ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. A cikin gari akwai Inverness Golf Club a Culcabock da kuma Kings, amma su filayen bishiyoyi ne, irinsu ba sai ka je Sikotland za ka samu ba. Tunda rana na kaiwa goman dare, ka tambayi farashin yamma, kulob da yawa suna ragewa daga la'asar sakaliya, ka yini da iyali sannan ka fita ka buga rami 18 da haske tas.

Yanzu yadda ake bugawa, don wannan shi ne abin da ke kayar da baƙi. Filin bakin teku ƙasarsa yashi ce a ƙasan ciyawa, tauri gare ta, ƙwallo in ya faɗi ba ya tsayawa sai ya yi ta gudu. Kai da ka saba da Kaduna lokacin rani da ƙasa ta bushe ƙwallo ke tsalle yana gangarawa, ka riga ka fi Ba'amurke shiri, abin da ka saba yi na sauke ƙwallo kafin wurin rami ka bar shi ya gangara shi ne daidai a can. Kar ka ɗaga shi sama, iska za ta tafi da shi. Iskar nan ba ta wasa, ramin da ka isa da safe da sanda mai lamba 8, da yamma sai ka nemi mai lamba 4 da ta fi nisan zango, ƙwallon bai kai ba. Ramukan yashinsu ƙanana ne masu zurfi, bangon a tsaye an jera ciyawa hawa-hawa, in ka faɗa ka fito ta gefe ko ta baya kawai, kar ka ce sai ka yi gaba. Ga wata ƙaya mai fure rawaya a gefen hanya, duk ƙwallon da ya shiga ya tafi ke nan, ka taho da isassu. A Dornoch wuraren ramin a ɗage suke sama da sauran filin, gefensu a gangare, ka buga mai kyau ka ga ya taɓa gefe ya dawo ƙafarka, shi ya sa a can kuɗin kadi ba asara ba ne, shi zai ce ka auna wancan tudun ka ƙyale tutar. A hannu ake biyansu, ka riƙe tsabar kuɗi. Keken hawa kuma ba kasafai suke bayarwa ba sai mai larura, ka shirya tafiyar awa huɗu a ƙasa, da rigar ruwa da wando na ruwa a jaka ko da ka fito rana na haske.

Dan_Damagaram:

Ummu Affan ki yi haƙuri, a kan Loch Ness ban yarda da ke ba. Daga bakin titi ne yake zama kaman ba komai, sai an shiga jirgin ruwa ake sanin girmansa. Tsawonsa kilomita 37 ne fa, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales in an haɗa, kuma baƙin nan daga ruɓaɓɓiyar ciyawar tsaunuka yake zuwa, in ka leƙa daga jirgi ko tsawon hannu ba ka gani a ciki. Alhaji ku hau jirgin ruwan kamfanin Jacobite daga Dochgarroch da ke bayan garin Inverness, za ku fara bi ta magudanar Caledonian da Thomas Telford ya gina aka buɗe a 1822, sannan ku fito cikin tafkin ku sauka a kangon fadar Urquhart, wadda sojoji suka fasa da albarushi a 1692 da za su bar ta don kada abokan gaba su amfana. Yara za su hau hasumiyar su ga tafkin hagu da dama. Ku yi bukin ta intanet ku je da sassafe, don ranar da manyan jiragen ruwa suka tsaya a tashar ruwa ta Invergordon bas-bas ake kwaso mutane zuwa can. In kamfanin yawo za ku bi ku karanta jerin wuraren da kyau, da yawa suna haɗawa da masana'antar giya.

Dodo dai babu, shahararren hoton nan na 1934 ma a 1994 aka tabbatar haɗa shi aka yi da abin wasan yara. Gara a faɗa wa ƙaramin tun a gida. Abin da za su gani da idonsu na gaske shi ne dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, a Chanonry Point, kuma hanyar wurin ta tsakiyar filin golf ɗin Fortrose da Injiniya ya faɗa ta bi, wato Alhaji na bugawa iyali na bakin ruwa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ku duba jadawalin cika da janyewar teku ku isa kaman awa ɗaya bayan ruwa ya gama janyewa ya fara dawowa, lokacin suke biyo kifi. Muna tsaye a kan tsakuwa bayan hasumiyar fitila ɗaya ya ɓullo kusa da mu har muna jin hucin numfashinsa, ya cilla kifi sama ya cafe, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe min hannu ba ta ma sani ba. Wurin ajiye mota ƙarami ne, ku isa da wuri.

Hajiya_Mai_Lalle:

Alhaji a gaida Hajiya, a ce mata saƙon nan nata ne. 'Yar uwa kar ki bari kwalliyar shagunan tsaraba na kan babban titi ta ɗebe ki, akwai wanda na shiga na ɗauki mafula mai zanen nan nasu na murabba'i, da na juya takardar jiki sai na ga ba a ƙasar aka yi ba kuma ba ulu ba ne zalla, ga tsada. Ki riƙa juya takarda kafin ki biya. In Harris Tweed ne, yadin ulun da ake saƙawa da hannu a gidajen mutanen tsibiran Hebrides, dokar 1993 ce ke kare shi, na gaske yana da tambarin ƙwallo da gicciye a kai, ana yin jaka da ƙaramar jakar kuɗi da hula da shi, ƙananan ba su da tsada kuma sun yi kyautar surukai. In kashmiya kike so, wato ulu mai laushin nan, tunda ta Elgin za ku wuce ku tsaya a masaƙar Johnstons, tun 1797 suke, mayafinsu mai faɗi ya yi wa iyaye mata lokacin hunturu.

Na rabon jama'a kuwa, ki je babban kanti irin Tesco na Inverness Shopping Park ki kwashi biskit ɗin man shanu na Walker's, iri ɗaya ne da na shagon tsaraba amma ya fi araha, sai ki lura da alewa da jam don wasu an zuba musu wiski, a rubuce yake a jiki. Kayan yara da suwaita akwai Primark da Marks & Spencer da shagunan Eastgate dab da tashar jirgin ƙasa. Victorian Market ma na nan tsallaken tashar, rufaffiyar kasuwa ce ta 1890, ƙananan shaguna da wurin cin abinci, ta fi daɗin zagayawa in ana ruwa. Mai karatu kuma a kai ta Leakey's a Church Street, tsohuwar coci ce aka cika da tsofaffin littattafai tun daga ƙasa har bene, da murhun itace a tsakiya da matakala mai murɗewa, ni da na shiga ƙamshin takarda da hayaƙin itace ne ya fara tarbe ni, akwai tsofaffin taswirori ma.

Abu biyu masu muhimmanci. Tun farkon 2021 an daina mayar wa baƙi kuɗin harajin kaya a filin jirgi, kar ki sayi abu da lissafin za a dawo miki da wani abu. Na biyu, canjin da za a ba ki takardun kuɗin bankunan Sikotland ne, Bank of Scotland da Royal Bank da Clydesdale, fam ne dai amma zanen daban, ki kashe su kafin ku bar ƙasar don 'yan canji a gida da wuya su karɓa, a Landan ma wani mai shagon sai ya tsaya yana jujjuya ta. Shagunan cikin gari wajen shida suke rufewa duk da rana na sama, kar hasken ya ruɗe ki ki ce da sauran lokaci.

Baban_Khairat:

Kai Allah ya biya ku, na kwafe komai na tura wa Hajiya. Na tura wa Dornoch saƙo yanzun nan. Injiniya abu ɗaya ya rage, in na samu gurbi can, ina zan ajiye iyali na awa huɗu zuwa biyar, ko in bar su a Inverness ne? Kuma in ɗauko sandunana daga gida ko in yi haya?

Injiniya_Sale:

Ka tafi da su Yallaɓai. Dornoch na da bakin teku mai farin yashi a ƙasan filin, kuma minti 20 gaba akwai fadar Dunrobin kusa da Golspie, ɗaki 189, da lambu, ana wasan shaho da mujiya a gaban jama'a lokacin zafi, in 'yarka na tuƙi ka sa sunanta a takardar hayar motar ta kai su ta dawo ta ɗauke ka. Sanduna kuma in zagaye ɗaya ne ko biyu ka yi haya, ka sanar da su tun wajen bukin, in ya kai uku ka auna kuɗin hayar da abin da kamfanin jirginku ke karɓa na jakar wasanni, sannan ka tuna ku biyar ne da akwatuna da tsarabar Hajiya a but ɗaya. Takalminka da safar hannu da ƙwallaye dai ka taho da naka.